Dutsen da Ke Cikin Gidan Gurza

Ranar wata Talata ce, da hantsi, a ƙarshen damina, shekara ta biyu bayan ƙare yaƙin Turawa. Mu uku ne a cikin tsohon gidan gurza na garinmu: ni, da maginin da aka aiko daga Madawa, da gwaggona, yayar mahaifina. Ni ne malamin lekol, wato makarantar boko, da za a buɗe a cikin ginin. Magini ya zo da umarnin ya zuba siminti a ƙasa daga bango zuwa bango. Gwaggo kuwa tana tsugune kusa da bangon arewa, hannunta a kan wani baƙin dutse da ya ɗan turo kai daga ƙasa. Ta ce ba za a rufe shi ba.

Magini ya dube ni. Na ce ya je ya ci gaba da tankaɗe yashinsa a waje, zan yi magana da ita.

Dutsen ya riga ginin zama a wurin. Faɗinsa bai wuce na faifai biyu ba, samansa sumul, kuma ba wanda ya san inda gindinsa ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa. Kafin gidanmu ya musulunta, a kansa ake buɗe bakin sabon gero. Idan zangarniya ta nuna, babban gida zai yanko kawunan farko daga gonar gado, a sussuka, a daka gumba, ya zuba ludayi guda a kan dutsen, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan kowa ya gasa tumu ya ci. Sharuɗɗan ba su da yawa. Da rana ake yi. Mai riƙon dutse ne zai zuba da hannunsa, ba a aike. Gumbar kuma sai ta taɓa dutsen kansa. Geron shekarar da ba a buɗe ba yana nan sabo har ya ƙare a rumbu, kuma mai riƙon dutse ba ya kai shi baki.

Kakana ya so ya bar wa mahaifina riƙon, amma mahaifina ya riga ya tafi karatu wajen Ƙonni, ya dawo da buta da tasbaha. Sai kakan ya ba ƴarsa ta fari. Mutanen gida suka daina jira, kowa ya ga tumu ya gasa. Ita kaɗai ta rage tana jira. Tana salla, tana azumi, kuma ba ta taɓa ganin abin da ya haɗa wannan da wancan ba.

Ina ƙarami wani kamfanin Turawa ya zaɓi wurin, don tudu ne, ga rijiya kusa. Fadamar Majiya tana ba da auduga, wadda mutanenmu ke kira kaɗa, su kuma suna so a raba ta da gurya a nan kafin raƙuma su ɗauka. Aka gina dogon ɗaki da jan dutse, aka rufa shi da kwano, aka kafa wata babbar tukunyar ƙarfe mai cin itace, da bututun hayaƙi wanda ake hange tun daga hanyar Tama. Leburori sun yi ta haƙa gefen dutsen don su tumɓuke shi, suka gaji, suka mayar da ƙasa. Ta haka ya shiga cikin ɗaki. Masu aiki a wurin suna cewa luzin. Sauran gari suna cewa gidan gurza, kuma wannan sunan ne ya zauna, har bayan da aka daina gurzar komai.

Abin da nake tunawa daga wancan lokacin kaɗan ne. Ƙarar injin tana shiga haƙori. Farin gashin auduga yana maƙalewa a ƙaya da girar mutane. Mata suna jere da tuluna daga rijiya, don tukunyar ba ta ƙoshi da ruwa. Injin yana aiki ne da sanyi, lokacin da auduga ta shigo, saboda haka da kaka gidan a rufe yake, sai mai gadi, wani tsohon Buzu daga wajen Keita. Shi ke buɗe wa Gwaggo. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya juya baya yana kallon gari har ta gama. Bai taɓa tambayarta abin da take yi ba, ita ma ba ta taɓa gaya masa ba.

Shekarar da fara ta cinye gonaki ce ta kori kamfanin. Ba gero, balle auduga. Aka kwance injin gunduwa-gunduwa, aka loda a kamiyo, babbar motar kaya, aka yi kudu da shi. Abin da suka bari gari ya raba. Maƙera suka kwashe guntayen ƙarfe suka yi kwasa da gatari. Ƙyauren ƙofa ya koma gidan wani. Mahaifina ya samu wani guntun bututu mai kaurin hannun yaro, ya kafa shi a tsakar gida yana ɗaure jakinsa.

Ɗakin ya zama na duk wanda ya shiga. Mutanen ƙauyukan tudu, daga wajen Tabotaki da bayanta, suka gangaro suna gudun yunwa, suka kwanta a ciki da tabarminsu da ƴaƴansu. Abin da gonarmu ta bayar a shekarar, mutum ɗaya zai rungume shi ya kawo gida. Gwaggo ta zaɓi kawuna ta daka. Mahaifina ya tare ta a ƙofar gida.

"Yaya, yara na kwana da ruwan tafasa, ke kina kai ma dutse hatsi?"

"Ludayi guda ne, Malam. Ludayi guda bai raya kowa."

"Shi ma dutsen bai raya kowa."

"To mun yi daidai ni da kai. Ba ni wuri in wuce."

Ita ta goya shi, kuma tana da wata hanyar faɗin "Malam" da ke tuna masa da haka. Ya matsa. Ta tarar wata mata ta kwantar da ɗanta a kan dutsen, don shi ne wuri mai sanyi a ɗakin. Ta roƙe ta ta ɗan ɗaga shi, ta zuba ludayinta, ta yi kiranta a hankali, ta miƙa wa matar sauran gumbar.

Bayan yunwar hukuma ta kawo rumbun tsimi. Kowane gida sai ya ajiye wani kaso na geronsa a hannun hukuma, a mayar masa lokacin shuka ko lokacin matsi. A ƙauyuka an jera rumbunan ƙasa a bayan gari. A garinmu aka ce ga gini a tsaye, me za a yi da rumbu. Aka sa sabuwar ƙofa da kwaɗo, makulli yana hannun gardi, wato dogarin kumandan, Baturen mulki da ke Madawa, ba a buɗewa sai ranar tara gero, bayan an gama girbi da ɗauri da komai.

Nan wahalar Gwaggo ta fara. Tsakanin nunar gero da ranar buɗe ƙofa akwai makonni. Gari duka yana ƙamshin tumu, ita tana cin tsohuwar dawa idan ta rage, da kwaɗon ganye, da nono. Ita ce ma take gasa mana tumun. Idan ta gama murzawa ta ba mu, sai ta wanke hannu har gwiwar hannu, kada ta manta ta lasa. Ranar buɗewa ita ce ta farko a layi, kason gidanmu a kanta, ƴar gora ƙulle a gefen zanenta. Gardawa sun san ta. Akwai wani mai yawan baki a cikinsu.

"Tsohuwa, an zo gaida miji?"

"An zo."

"Har yanzu bai yi miki magana ba?"

"Bai yi ba. Amma shi bai taɓa ɗaukar bulala ga ɗan kowa ba."

Sauran gardawan suka yi masa dariya, ya ce ta wuce.

Wata shekara ba a raba geron bara ba, buhuna suna nan jibge a bangon arewa har rufi, aka ɗora na bana a gabansu. Gwaggo ta shiga, ta duba, ta fito da gorarta yadda ta shiga da ita. Ta roƙi a ɗan kau da buhunan, aka ce ba wanda zai taɓa kayan hukuma. Tun daga kaka har farkon damina, lokacin da aka kwashe don iri, ba ta sa gero a bakinta ba. Ina lekol a Tawa a lokacin. Da na zo hutu na ga awarwaron hannunta yana hawa har kusa da gwiwar hannu. Ba wanda ya yi maganar a gida. Mahaifina ya sayo dawa ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Tun daga ranar na san cewa idan ta ce ba ta ci, ba ta ci ɗin.

Da yaƙi ya tashi aka kwashe geron aka kai wani wuri, aka sa ƙarafa a tagogi. A nan ake tara samarin da aka ɗauka soja kafin a kora su Madawa. Iyaye mata suna zama a gindin bango daga waje, suna magana da ƴaƴansu ta taga. Da rana ana barin masu kawo abinci su shiga. Gwaggo ba ta da ɗa a ciki, amma ta shiga da ƙwaryar fura kamar kowa, ta yi abin da ya kai ta, ta bar furar ga wanda ba a kawo wa ba.

Daga baya iyaka ta rufe, yadi ya ɓace daga kasuwa, har ana binne mutane da tabarma. Sai hukuma ta tattara masaƙa ta zaunar da su a ɗakin, aka sa mata gurza da kaɗi. Auduga ta dawo gidan, amma wannan karon da hannu, kowace mace da magurjinta da ɗan ƙarfenta. Wasu suka lura baƙin dutsen ya fi duk magurjin da suka zo da shi santsi, suka riƙa rige-rigen zama a wurinsa. Aka kai wa Gwaggo labari ana zaton za ta yi faɗa. Ta ce aiki bai ɓata shi, su dai share gurya idan sun tashi. Waɗannan shekarun ne suka fi mata sauƙi, don ƙofa a buɗe take kullum.

Da yaƙi ya ƙare yadi ya dawo, masaƙa suka watse. Ɗakin ya zauna sai jemagu da ɓeraye, har aka yanke shawarar buɗe lekol a garinmu. Ni na gama karatun malanta a lokacin, kuma ɗan gari ne, aka turo ni, aka ba ni makulli.

Da na ji maganar siminti na hau doki na je Madawa wajen darakta, mai kula da makarantun yankin. Na ce ko za a bar kusurwa ɗaya. Ya ce ƙasar ɗakin cike take da ƙuma da ramukan ɓera, yara ba za su zauna a kai ba. Ya ce dutse a tsakar aji abin tuntuɓe ne, za a cika da tsakuwa har a haye shi, a shafe. Ya ce an daɗe ana jiran simintin nan, idan aka bar shi cikin laimar damina zai daskare a buhu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na hau dokina na dawo.

Ruwa ya makara a shekarar. Gero yana tsaye kore, ƙwayarsa ba ta yi ƙarfi ba, ko na bana ba za a iya buɗewa ba kafin a rufe. Gwaggo ta tsufa. Haƙoranta sun zube, dawa ta daina zama a cikinta, fura ce abincinta safe da yamma. Geron bara da ke rumbunta zai kai ta sanyi. Bayan nan ba wani geron da za ta ci, a wannan shekarar ko wata.

Wannan shi ya haɗa mu a ɗakin ranar Talatar. Bayan magini ya fita na tsuguna kusa da ita.

"Gwaggo, ba ni na ce a rufe ba."

"Na sani. Kai makulli kawai anka ba."

"Ko a sa maƙera su ɓantaro wani gefe ki kai gida?"

"In anka yanke maka kunne anka kai gida, kai ne ka je gida?"

"To ki ci hatsi kamar kowa. Baba na ci, ni ina ci, ba abin da ya same mu."

"Ina zubawa, shi ya sa ba abin da ya same ku."

Ba da zafi ta faɗa ba. Haka take faɗin cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Na ce to yanzu me take so in yi. Ta ce ba ta ce in yi komai ba, ita dai tana nan zaune.

Magini ya leƙo. Mutum ne mai son ya gama aikinsa ya koma gida. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci.

"Mushe, ni dai bango zuwa bango anka ce mani. Daga kudu zan faro, inna ta samu ta huta. Amma in na iso nan, ko ta tashi ko in shafe da ita."

"Shafe mana," in ji Gwaggo. "Yara su samu abin zama."

Ya yi dariya, ya kira masu kwaɓa masa, suka fara zuba tsakuwa daga kudu. Na aika a gaya wa mahaifina inda yayarsa take, don kada a neme ta da abinci. Ban aika don ya zo ba. A iya sanina bai taɓa taka cikin ginin ba tun da aka gina shi, ko lokacin kai geron tsimi wani yake aikawa.

Bayan azahar sai ga shi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ina jin don sabo ne kawai, ya bi gefen da ba a zuba ba har ya iso. A hannunsa akwai guntun bututu, tsawonsa kamar taƙi guda, bakinsa ɗaya yana ƙyalli inda aka yanke. Na gane shi. Turken jakinsa ne, ya tumɓuke ya biya ta maƙera. Bai dubi dutsen ba, bai dubi yayarsa ba. Ya miƙa wa magini.

"Kafa wanga bisa kai, ka zuba simintinka kewaye."

Magini ya juya bututun a hannu, ya ɗora shi a tsaye a tsakiyar dutsen, ya ja zarensa daga alamar da ya yi a bango. Bakin bututun ya zo daidai da zaren, ko ya ɗara da ɗan kaɗan.

Gwaggo ta matso. Ta kara ido a bakin bututun, ba ta ga komai ba. Ta ce a ba ta kara. Aka samo mata karan gero daga tsintsiyar masu aiki, ta zura shi, ta ƙwanƙwasa, ta saurara. Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Shi ne," in ji ta.

"Kada ki ce na yarda," in ji mahaifina. "Ban yarda ba."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba ni son a ce yayata ta rame ga rumbu cike. Iyakar abin ke nan."

"Jakinka fa, Malam? Mi za ka ɗaure shi da shi?"

"Itace bai ƙare ba cikin daji."

Magini ya sake dubana, don ni ke da makulli. Na ce umarnin da aka ba shi shi ne daɓe ya kai bango kuma ya kwanta daidai, ya tabbata bakin bututun bai fi daɓen tudu ba. Ya ce wannan aikinsa ne. Ya danna shi da laka ya tsaya, ya cusa tsumma a bakin don kada siminti ya faɗa ciki, ya jera tsakuwa kewaye. Gwaggo ba ta tashi ba sai da ta ga baƙin dutsen ya ɓace ƙarƙashin tsakuwar. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta bi bayan ƙanenta suka fita, shi a gaba, ita tana faɗa masa cewa ya bar takalminsa a juye.

Darakta ya zo duba aiki kafin a buɗe lekol. Ya zagaya ɗakin yana buga ƙafa, ya tsaya a kan bakin bututun, wanda muka toshe da ɗan guntun itace. Ya tambaya. Magini ya ce idan an wanke ɗaki, ruwa ya samu inda zai bi. Na fassara abin da magini ya faɗa. Darakta ya kaɗa kai ya wuce wajen tagogi.

Gero ya nuna bayan an fara karatu. Ranar Alhamis ba a lekol, saboda haka ranar ta zo, da hantsi, ƙafa ba takalmi. Na buɗe mata, na matsar da bencin da ke kan wurin, na cire toshin, na koma bakin ƙofa na juya baya. Kiran kakanni ya ɗauke ta lokaci, don numfashinta ya rage. Da ta fito ta zauna a inuwar bango ta shanye sauran gumbar. Da yamma ta gasa tumu, ta murza, ta sa a baki ta yi ta mamula ko da yake ba ta iya taunawa.

Haka ta yi kowace kaka har ta rasu, kuma abin bai yi nisa ba. A ciwonta na ƙarshe ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai karɓar riƙon, har da ni, kowa ya ce a'a, ta ce dama tambayar ce wajibi. Toshin ya ɓace daga baya, yara suka riƙa jefa guntayen alli da ƙwallon magarya a ramin har ya cika. Da aka gina sababbin azuzuwa a gabas da gari, masu sayen fata suka karɓi ginin, suka kafa ma'auninsu a bangon arewa.